Makonni Biyar da Na Ɓoye Faifan Yaya Habu

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. A islamiyya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai kawo mana ruwa sai da ya jingine kurarsa ya ce, "Hajiya, wai da gaske ne can ko kare yana da likitansa?" Kowa ina ba shi abin da ya sawwaƙa: akwai sanyi, akwai tituna, maƙwabci ba ya gaida maƙwabci. To na gaji da gutsuttsura labarin. Bari in zauna in rubuta shi daga farko, wanda yake so ya karanta, in ya so a daina tare ni a hanya.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Yayana Habu ne ya faɗi a bakin motarsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ya girme ni da shekara bakwai. Ina 'yar yarinya ya tafi Ingila karatun injiniya, ya dawo ya yi 'yan shekaru a masaƙa a nan Kano, daga baya ya wuce Amurka, inda ya kusa shekara talatin yana tuƙa tasi a Washington. Matarsa ta rasu tuntuni, 'yarsa ɗaya, Safiya, can aka haife ta. Babban yayanmu, Alhaji Babba, ciwon ƙafa ya hana shi ko zuwa masallacin Juma'a, don haka tafiyar ta faɗo kaina.

Ranar da zan tashi ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Binta, ba maganar dawo da shi ba ce, an ce jikinsa ba zai ɗauki jirgi ba. Abu ɗaya nake so. Mutumin nan ya daɗe a cikin Turawa. Ki zauna a kansa, ki yi ta laƙƙana masa kalmar shahada har ya faɗa da bakinsa. Kada ya tafi baki a rufe."

Na ce, "In Allah ya yarda, Yaya." Da wannan na tafi, kuma tikitina na mako shida ne.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin biza ba. Na je Abuja, na bi layi tun da sassafe, wata Baturiya ta yi mini tambayoyi ta bayan gilashi, na miƙa takardar likita, ta karanta ta ce Allah ya ba shi lafiya da irin tasu maganar. Jirgin kuwa biyu ne, ɗaya zuwa Jamus, ɗaya daga can. A na farkon na shiga yin alwala a wani banɗaki da bai kai akwatin lefe faɗi ba, na jiƙa ƙasan kaf, na fito na tarar da mutum huɗu suna jira suna kallon ƙafata. Abincin da suka kawo ban yarda da naman ba, burodi da dabinona na ci har muka sauka.

A filin jirgin Virginia ne aka fara ɓata mini rai. Ina tsaye ina jiran kaya sai ga wani ɗan sanda da ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa. Karen nan ya bar kowa ya zo ya zauna a gaban jakata, jakar da dardumar sallata take ciki. Na daka masa tsawa, ko gezau. Aka kai ni gefe aka buɗe kaya. Kilishin da na sa aka yi wa Yaya Habu musamman, shi suka fara ɗauka suka jefa a wani kwando, wai nama ba ya shiga ƙasarsu. Daddawa kuwa da mutumin ya kwance ledar ya shinshina sai da ya ja da baya. Kuka da busasshiyar kuɓewa suka jujjuya suka bar mini. Na fito ina ta masifa a kan kilishi, ban san wanda na kawo wa ko tuwo ba ya iya haɗiyewa ba.

Safiya ce ta tare ni, tare da Malam Isuhu, wani ɗan Maraɗi abokin tuƙin babanta. Ta rusuna ta gaishe ni a tsakiyar jama'a, abin ya yi mini daɗi. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta amsa sai Turanci ya riga ta, ni kuwa Turancina na firamare ne da na cinikin atamfa. Malam Isuhu ya zama tafintanmu.

"Hajiya, sannu da hanya," in ji shi. "Bon, jikin Alhaji sai addu'a. Allah shi ba shi lahiya. Mutumen kirki ne, wallahi duk direban da ya zo garin ga sabo, shi ka nuna mishi hanya."

Masaukina gidan Yaya Habu ne a Hyattsville. Duk shekarun nan yana rubuto mana "gidana, gidana", ni a zatona gida ne mai tsakar gida. Ashe ɗaki ɗaya ne da falo a hawa na uku, na haya, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Kujera ɗaya, tebur ɗaya, kofi biyu. Wurin yana warin ɗakin da ya daɗe a rufe, sai na kunna gawayi a kan murhu na zuba turaren wuta. Minti biyu ba a yi ba wani abu a jikin silin ya fara ihu. Na yi salati, na zuba wa gawayin ruwa, ihu bai tsaya ba. Wata maƙwabciya, gajeriyar mata da ba ta jin Turanci ita ma, ta buga ƙofa, ta hau kujera ta danna abin ya yi shiru, ta buɗe taga, ta fita. Har na bar ƙasar ban san sunanta ba, mun dai riƙa ɗaga wa juna hannu a matattakala.

Shi kuma yana kwance a wani gidan kula da tsofaffi a Clinton. Safiya ta koya mini hanya: in hau jirgin ƙasa mai koren layi har inda ya ƙare, sannan in shiga bas. Sama da awa ɗaya ce tafiyar, rabinta a ƙarƙashin ƙasa, kowa ya toshe kunnensa da waya ba mai kallon wani.

Da na shiga ɗakin ban gane shi ba. Yaya Habu da yake cika ƙofa ya koma ɗan tsurut, bakinsa ya karkace, hannun dama a lanƙwashe a kan ƙirji. Na ce, "Yaya, ni ce Binta." Ya kalle ni, ido ɗaya ya kawo ruwa, ya buɗe baki, abin da ya fito kawai "ta, ta, ta". Na durƙusa a bakin gadon na yi kukan da na riƙe tun daga Kano.

Da na share ido na duba ɗakin, sai na ga wani akwati a kan teburin gefen gado. Garmaho ne, irin na da, da faifai baƙi a kansa. An jingine kwalin faifan a bango: zanen kujeru birjik a bakin teku ba kowa a kai, sama koriya, rana ruwan hoda. A bayan kwalin ga hoton wasu samarin Turawa huɗu ramammu, gashi har kafaɗa, da riguna masu fulawa kamar na mata. Na tuna shi. Tun yana saurayi da ya dawo daga Ingila yake kunna shi a soro, har Baba ya taɓa cewa in ya sake jin wannan kukan aljanun sai ya fasa abin.

Ranar Alhamis ce, kuma Malam Isuhu ya gaya mini duk Juma'a dattawan masallaci, mutanen Gana da na Nijar, suna zuwa dubiya bayan an sauko. Na ce a raina, ɗan limamin unguwa guda yana kan gargara, a zo a tarar da kayan kiɗa a kansa? Da wane ido zan kalle su? Na zare wayar daga bango, na mayar da faifan kwalinsa, na naɗe duka a zanina.

Safiya, da take zaune a gefe, ta miƙe. Ta yi ta zuba Turanci, da ta ga ban gane ba ta lalubo Hausa: "Gwaggo, a'a. Baba yana so. Likita ta ce a sa."

Na ce, "Likitar ce za ta amsa masa tambayar kabari?"

'Yar gidan mutunci ce, ba za ta yi sa-in-sa da ƙanwar ubanta ba. Ta ɗauki jakarta ta fita. Daga ranar ta koma zuwa da yamma bayan ta tashi aiki, lokacin da ta san na tafi. Ni kuwa na rungumo garmahon nan a bas da jirgi, ƙofar jirgi ta maƙe shi har na ji wani abu ya yi ƙas, na kai gida na tura shi da faifan ƙarƙashin gado. A gurbinsa na ajiye rediyo mai karatun Alƙur'ani, dattawa suka zo suka yi ta sa mini albarka.

Haka na fara aikin da aka aiko ni. Kullum ƙarfe tara ina bakin gadonsa. In sunkuya a kunnensa na hagu in ce, "La'ilaha illallah. Yaya, faɗi." Ya motsa baki, "ta, ta". In sake. Wata rana sai in yi ɗari. Tun yana ƙoƙari har ya koma in na fara sai ya juya fuska bango, ni kuma in ce shaiɗan ne, in ƙara ƙaimi. Duk Lahadi in sayi katin waya a shagon 'yan Afirka in kira Kano. Alhaji Babba ba ya tambayar sanyi ko abinci. "Ya faɗa?" In ce, "Tukuna, Yaya."

Gidan nan ya nuna mini abubuwa. Akwai wata tsohuwar Baturiya da take zama a keken guragu a baranda tana rungume da 'yar tsana. Duk na wuce sai ta kama mayafina ta kira ni da sunan wata. Mako biyar ban ga mutum ɗaya ya zo wurinta ba. A wurinmu ko wanda ba shi da ko sisi ya kwanta, sai an rasa wurin ajiye takalmi a ƙofar ɗakinsa. Amma in faɗi gaskiya, duk bayan awa biyu sai an zo an juya Yaya Habu, an shafa masa mai, har ya rasu ba ƙurji ɗaya a bayansa. Na san gidajen da ke cike da dangi a nan da majinyaci ya ruɓe a kan tabarma.

Mai yi masa wannan hidimar da safe wata 'yar Kumasi ce, Memuna, ƙatuwar mata mai dariya. Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji, ranar farko da ta ce mini "ka zauna" sai da na waiga. Ita ta riƙa kawo mini wake da shinkafa irin nasu da baƙin yaji a roba, don ta lura abincin kantin gidan ba ya shiga cikina. Sau biyu ta taɓo mini maganar faifan, sau biyu na ce mata wannan maganar gida ce.

A mako na huɗu ciwon huhu ya kama shi. Aka kai shi asibiti kwana biyar, ya dawo da roba a hanci, ya ƙara zubewa. A mako na biyar, wata safiyar Litinin, na shiga na tarar yana buga ƙarfen gado da yatsun hagu, a hankali, uku sannan ɗaya, uku sannan ɗaya. Wani sauti yana fita daga maƙogwaronsa, yana hawa yana sauka. Na tsaya a ƙofa. Memuna tana canza zanin gado, ta ajiye ta zo ta kama hannuna ta ja ni baranda.

"Hajiya, ka yi haƙuri, yau sai na faɗa maka, ko ka ji haushi. Wannan da yake yi, waƙan faifan nan ne. Kafin ka zo, in an sa shi, Alhaji yana waƙa paa. Baki ya buɗe, kalma ya fito. Irin ciwon nan haka yake, magana ya mutu amma waƙa bai mutu ba. Likitan magana ya fara koya mishi, ya sa kalma a cikin murya. Ya yi sunan Safiya. Ya yi ruwa. Da kunnena na ji."

Na ce, "Ya faɗi ruwa?"

"Da waƙa. Tun da aka ɗauke faifan bai yarda da kowa ba koraa, ko kaɗan. Likitan ya gwada da bakinshi, Alhaji ya juya baya."

Na ce, "Memuna, ke nan da an ci gaba, zai iya kalmar shahada?"

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce, "Ka kawo faifan."

Ban ƙarasa yinin ba. Na koma Hyattsville na jawo garmahon daga ƙarƙashin gado na jona, faifai yana juyawa amma ba sauti sai ƙarar karce. Allurar ce ƙofar jirgi ta karya. Na kira Malam Isuhu ina kuka. Ya bar aikinsa ya zo, ya duba ya ce, "Dakor, na san wani tsoho da ka saida irin kayan ga. Mu tahi."

Shagon yana wani lungu, a ƙasan bene, cike da faya-fayai har rufi. Mai shi wani tsohon Bature ne mai furfura da ya ɗaure gashinsa ta baya, ga ɗan kunne a kunne ɗaya. A Kano da yara sun bi shi. Ya sa gilashi ya canza allurar cikin minti biyar. Da ya nemi abin gwaji na miƙa masa faifan Yaya Habu, sai ya tsaya cak. Ya karɓa da hannu biyu ta gefe-gefe, yadda ake karɓar jariri, ya yi ta magana, Malam Isuhu yana juya mini.

Wai samarin nan huɗu 'yan wani ƙaramin gari ne a Ingila. A zamaninsu, shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce, matasan can sun shiga yayin wani irin kiɗa da suke so ya yi kama da mafarki, suna cusa masa duk abin da suka samu. Faifan ya fito a shekarar da manyan mawaƙa suka cika kasuwa, ba wanda ya waiwaye shi, shaguna suka mayar da shi. Kafin shekara ta zagayo ƙungiyar ta watse, mai waƙar ya koma aikin lambu. Sai bayan sun tsufa mutane suka farga cewa ya fi yawancin waɗanda aka yi ta yayi. Ya ce shi a rayuwarsa sau biyu ya taɓa riƙe na asali. Sannan ya karkata faifan a ƙarƙashin fitila ya nuna mini da ɗan yatsa: duk fuskar baƙa ce wuluk, sai zobe ɗaya a bayan faifan, waƙa ta uku, ya koɗe ya yi toka-toka.

"Ya ce mai faifan ga, wagga waƙa yake so," in ji Malam Isuhu. "Allura ta bi ta har ta cinye ta."

Ya ɗora allura a kai. Ni dai na tsaya ne don in tabbatar abin yana aiki. Da farko wani abin kiɗa mai kama da na coci ya ja dogon sauti, ƙasa-ƙasa. Sai ganga ta shigo, uku sannan ɗaya, kamar ana daka a gida na uku. Sai muryar yaron, siririya, ba ihu, ba gwaninta, kamar mai magana da kansa. A tsakiya komai ya birkice, jita ta riƙa tafiya da baya, sauti yana tashi daga wannan kunne ya faɗa wancan, har na ji jiri na dafa kantar shagon. Ina shirin cewa Baba ya yi gaskiya, sai duk suka yi shiru, aka bar sarewa ita kaɗai, sannan muryoyi uku suka haɗu a kan amshi. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na san muryar wanda yake daurewa don kada ya yi kuka a gaban mutane. Na shekara sittin ban taɓa tsayawa na saurari kiɗan Turawa ba, ranar na ce a sake sa mini.

Da la'asar na kira Safiya. Ban taɓa ba ɗan cikina haƙuri ba, ita na ba ta. Ta zo gidan, muka zauna a ƙasa muka sa waƙar, na ce ta gaya mini abin da yake cewa. Da guntuwar Hausarta da hannu da ido ta fahimtar da ni. Wani saurayi ne ya tafi neman aiki wani gari a bakin teku, ya isa lokacin sanyi bayan baƙi duk sun watse. Kowane baiti wasiƙa ce yake rubuta wa mahaifiyarsa: ɗakina da ɗumi, ina ci ina ƙoshi, na yi abokai. A amshin kuma sai ya faɗi gaskiya, cewa yana zaune shi kaɗai a cikin kujerun da ba kowa, kuma ba zai iya komawa gida hannu sake ba.

Na dubi kujera ɗaya da kofi biyun nan. Wasiƙun Yaya Habu duk iri ɗaya ne, lafiya lau, aiki yana kyau, sai na zo baɗi. Safiya ta ce tun tana yarinya in ya dawo daga tuƙi, kafin ya cire takalmi sai ya sa waƙar nan.

Ranar Laraba da safe muka kai garmahon tare. Memuna ta rufe ƙofa. Yana kwance ido a rufe, numfashi yana fita da ƙyar. Da dogon sautin nan ya fara, ya buɗe ido. Ganga ta shigo, yatsunsa suka kama ƙarfen gado. Baitin farko ya wuce yana motsa leɓe kawai. Da aka zo amshi sai ga murya. Muryar Yaya Habu, ta dishe amma tasa ce, kalmomin Turanci suna fita ɗaya bayan ɗaya daga bakin da ya yi wata biyu ba ya iya kiran sunana. Ya kai amshin har ƙarshe. Safiya ta kifa kai a kan ƙafarsa.

Na ɗaga allurar, na sunkuya zan fara yadda na saba. Memuna ta riƙe kafaɗata. "Kar ka faɗa. Ka rera."

Na rasa da wace murya zan rera, sai ta zikirin da mata suke yi a unguwarmu in ana aikin abincin Mauludi ta zo mini. Na fara a hankali, la'ilaha illallah, la'ilaha illallah. Ya juyo ya kalle ni, karo na farko cikin makonni bai juya bango ba. A zagaye na huɗu ya kama muryar a maƙogwaro, yana hawa inda na hau yana sauka inda na sauka. Leɓensa suna motsi. Na kai kunnena daf da bakinsa. Murya ce kawai, kalmomin ba su fito ba. Muka yi ta yi har tari ya sarƙe shi, ya gaji ya yi barci.

Alhamis muka sake, amshin ma rabi ya iya. Likitar magana ta leƙo, wata matashiya mai sanyin hali. Na sa Safiya ta tambaye ta. Ta ce tsohuwar waƙa tana nan a ajiye a kansa, ita ce take fita da sauƙi, amma ɗora wasu kalmomi a kan murya aiki ne na kullum, na makonni, kuma yana son ƙarfin numfashi. Ba ta ce komai a kan faifan ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Juma'a dattawa suka zo suka tarar da garmaho a kan tebur, wani ya kalle shi ya kalle ni, na kalle shi ni ma, aka yi addu'a aka tashi.

Asabar da safe ya cika. Ina cikin jirgi a ƙarƙashin ƙasa inda waya ba ta shiga, sai da muka fito sarari na ga kira bakwai. Memuna ce a kansa. Ta ce tana rera masa kamar yadda na yi, leɓensa suna motsi, har suka tsaya. Na ce, "Kin ji kalma?" Ta ce, "Hajiya, ba zan rantse maka a kan abin da ban ji ba."

Jana'izarsu ma daban ce. Sai ranar Litinin takardu suka kammala. Aka yi masa sutura a masallaci, direbobin tasi suka cika wurin har titi, aka tafi wata maƙabarta mai nisa mai ciyawa kamar filin ƙwallo. Inji ne ya haƙa kabarin, kuma dokar wurin sai an sa wani akwatin siminti a ciki. Ni da Safiya muna cikin motar Malam Isuhu muna hange ta gilashi. Faifan na bar mata, nata ne.

Na iso Kano ranar da aka yi sadakar bakwai. Gidan cike, na gaisa da mata, na wuce ɗakin Alhaji Babba. Ya sallami waɗanda ke ciki, ya ce in tura ƙofa. Bai tambaye ni hanya ba.

"Ya faɗa?"

Na zauna a ƙasa na ba shi labarin duka, tun daga zanin da na naɗe garmahon har maganar Memuna ta ƙarshe. Ban rage komai ba. Yana jan carbi har ya daina ja.

"Amma muryarsa ta fito," in ji shi.

"Ta fito, Yaya."

"Da Turanci."

"Da Turanci. Ta zikirin kuma ya bi ta a maƙogwaro."

Ya daɗe yana kallon ƙafarsa mai ciwo. Can ya ce, "To. Duk wanda ya tambaye ki, ki ce Allah ne ya san abin da ya cika da shi. Ba ki yi ƙarya ba."

Haka nake cewa, kuma gaskiya ne. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa Habu a addu'a, Allah ya karɓi abin da ke cikin ƙirjinsa wanda bakinsa ya kasa. Abin da ya cika da shi Allah ne ya sani. Makonni biyar ɗin nan kuwa ni na san su, don a kan faifan nake kwana.